Kifin da Suka San Hanyar Tafki

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da fatan takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Gwadangaji ta Birnin Kebbi lafiya, ka sha ruwa, gajiyar mota ta sake ka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da irin waɗanda ni na haɗu da su. Ka gai da kawunka Bello da iyalinsa. Ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, ba irin gaisuwar da nake yi masa a tsaye ba.

Innarka za ta sa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin kifin banda. Na zaɓi rubutu ne don ka san bakina. In na buɗe shi da niyyar nasiha, kafin in kai tsakiya ya koma faɗa. Ka gani ranar Laraba, muna cin tuwo, ka ce kawunka ya ce in an yi dogon hutu ba sai ka dawo Argungu ba, za ka zauna masa a shagon waya. Ka faɗa kana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara. Na ture kwanon miya, na gaya maka abin da na gaya maka, ka tashi ka bar tuwon. Biro ba ya gudu kamar harshena, shi ya sa na ɗauko shi. In ka ga kuskure a rubutun ka haɗiye dariyarka. Ni ba wanda ya kai ni boko. Da jaridar da ake naɗe soyayyen kifi na koyi haɗa baƙi, da rubutun jikin buhun taki, daga baya waya ta ƙarasa ni.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. In an yi dogon hutu, lokacin da ruwa ke hawa fadama, ka dawo gida ka shiga kwalekwale da kakanka, takwaranka. Shagon waya ba zai mutu ba. Shi kuwa tsohon, ka ga yadda yake jan ƙafa bana, ka ga sai ya kai zare kusa da hanci kafin ya ga ramin allura. Zan gaya maka dalili, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba, don ba wani ɓoyayyen labari ba ne. Duk unguwa ta san shi, kai kaɗai ake sassauta murya in ka wuce.

Ka san tafkin gidanmu da ke cikin fadama, bayan gonakin shinkafa. Kai ka taso ka same shi wurin kwaɗi da laka, inda yara ke wanke awaki. Da ba haka yake ba. Ina kamarka, in ruwan Rima ya ja da baya bayan damina, tafkin nan yakan yanke daga gulbi, ya zauna shi kaɗai maƙare da kifi, ba mai taɓa shi har bazara. Sai zafi ya yi zafi, ruwa ya yi ƙasa, Baba, kakan nan naka, ya sa rana, dangi su taru da homa, komar nan ta hannu, da gora a yi su, kamun kifin gayya, tun hantsi. Mata na bakin gaɓa da kwanduna, ana guɗa, ana zagin wanda ya fito hannu wofi. Gidan nan kan ci wannan kifin har ruwa ya sake zuwa.

Amma akwai doka guda. Kafin kowa ya tsoma ƙafa, sai an kafa shingen kara a kusurwar da ta fi zurfi, a gindin giyayya. Duk wanda homarsa ta ɗauko babban balli, ko tsohuwar karfasa mai yagaggen bindi, irin wadda ta ga damina da yawa, ba ya hawa tudu da ita. Sai ya kai ta cikin shingen ya sake ta. In an gama su a tuge karan, a bar su da sauran ruwan. Baba yana kiransu masu hanya.

Ka sa kanka a matsayin yaro mai yunwa da ya rungumo kifin da ya kai tsawon hannunsa, a ce masa mayar. Abin yana cin raina kowace shekara. Wata safiya muna cikin kwalekwale ni da shi, na ce Baba, don me ake mayar da manya a ci ƙanana? Bai ko waiwayo sosai ba. Ya ɗaga filafili ya sauke mini a kafaɗa, ya ce in tuƙa. Kafaɗar ta yi kwanaki tana ciwo. Zuciyar kuwa ba ta daina ba. Daga ranar na ƙudura cewa dokar nan camfi ne, kuma tsohon bai san dalilinta ba shi ya sa ya amsa da itace.

Dalilin ashe yana nan. Daga gulbi zuwa tafkinmu ba hanya ɗaya ba ce. In ruwa ya hau yakan kutsa cikin ciyawar burugu ya rarrabu. Wasu hanyoyin masu faɗi ne, masu kyan gani, amma a gonakin shinkafa suke ƙarewa, inda ruwa ke tsotsewa da wuri. Guda ce siririya, karkatacciya, ita ke kaiwa tafki. Tsofaffin nan da ake bari, in ruwa ya haɗe sukan fita su gauraya da kifin gulbi. In ruwa ya fara juyawa sai su kamo siririyar hanyar su dawo, ƙanana na bin su a baya kamar hayaƙi. Ba Baba ya gaya mini wannan ba. Daga bakin innata na tsince shi, Allah Ya jiƙan ta, bayan aikin gama ya gama.

Shekarar da aka haife ka, Baba ya taka ƙayar kifin ƙurungu, ƙafa ta kumbura ta ƙi sauka, aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Lokacin yin su ya zo yana kwance. Ya aiko cewa a yi su, a bar masu hanya. Ni ne babba cikin 'ya'yansa maza, kai kuma kana gab da zuwa duniya. Ina da aboki Ɗanjuma, mai injin ban-ruwa da yake shayar da albasa. Shi ya fara cewa wai me ya sa za a sha wahalar homa kamar zamanin jahiliyya, ga inji, a zuƙe ruwan a juye shi gona, a tsinci kifi da hannu. Samari suka ce haka ne. Ƙannen Baba suka fara gunaguni, na taso musu da bakin nan nawa, na ce in suna da wata hujja ban da haka muka tarar, su faɗa. Ba su da ita, ko kuma sun ga ba zan saurara ba. Suka ɗauki homarsu suka tafi.

Muka tayar da inji. Ba a kafa shinge ba, wa zai kafa? Ruwa na raguwa, ƙananan kifi na fantsama ko'ina suna birgima a laka. Manyan kuwa, Abba, ba su yi gudun hauka ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ja jiki zuwa gindin giyayya, daidai kusurwar da aka saba kafa musu kara, suka taru suka kwanta jikin juna. Sun koyi cewa nan ne ake barin su da rai. Ba mu ko sha wahalar kora ba. Na tsaya cikin laka har gwiwa ina miƙa su tudu, Ɗanjuma na dariya yana cewa sun kawo kansu. Na yi dariya tare da shi.

Da su na sayi ragon sunanka da wani tsohon babur. Kada ka ɗauki wannan a kanka. Rago zan same shi ta wata hanya, babur ɗin nake so, da kuma in nuna wa tsoho cewa dokarsa ba komai ba ce. Babur ya daɗe da mutuwa, ƙarfensa ne innarka ke ɗaure akuya a jiki.

Ga nasiha ta farko, kuma da tsada na saye ta. Ka taɓa tsayawa ka kalli kawara, 'yan ƙananan kifin nan, a bakin gulbi? Suna tafe dunƙule, ɗaya ta karkata, duk su karkata a lokaci guda, kai ka ce igiya aka ɗaura musu. Wannan yana cetonsu daga tsage mai cin 'yan'uwansa kifi, don wadda ta hango haɗari ta tserar da sauran ke nan. Amma masu birgi, komar nan da ake jefawa, sun san halin. Sai su watsa dusa, ta gaba ta nufa, sauran su bi ba tare da sun ga komai ba, a rufe su gaba ɗaya. Makarantar da za ka, taro ne. Za ka ga rana ɗaya duk ajinku sun juya gefe guda, kan wani malami, ko kan tsallake katanga, ko kan wani yaro da aka ga dama a tsana. Kafin ka juya, ka nemi wanda ya fara juyawa, ka duba me ya gani, haɗari ko dusa. Kuma ka fi jin tsoron ranar da kai ne a gaba. Ka gado bakina, na ji yadda kake murƙushe sa'o'inka da magana. Mai irin bakinmu yana cin gardama ko yana kan ɓata, mutane su bi shi don ya fi su amo. Ƙannen Baba ba su yi shiru don na fi su gaskiya ba.

Damina ta zo, ruwa ya hau, ya sauka. Kifi ya bazu cikin gonakin mutane ya maƙale. Matan unguwa suka yi ta kwasa da kwanduna, abin da ya rage shirwa da rana suka raba, fadama ta yi ta wari. Tafkinmu ya samu 'yan tarwaɗa da kwaɗi. Wata shekarar ma haka. Na yi ta jayayya da kowa a majalisa. Na ce yashi ne ya cike hanyar, na ce masu dam ne ke sakin ruwa yadda suka ga dama, na ce maganin feshin shinkafa ne. Har gobe ina cewa akwai hannun waɗannan, ba ƙarya na yi ba. Amma tafkin gidan maƙwabtanmu yana shan yashi ɗaya da dam ɗaya, kuma har yau suna kwasar kifi a cikinsa.

Daga baya, da karatuna ya yi ƙwari, na ci karo da bayanin masu binciken kifi a waya. Suka ce kifi na koyo daga junansu, inda ake samun abinci, abin da ake tsoro, hanyar da ake bi. Suka ce in aka kwashe tsofaffin garke, hanya na iya ɓacewa ko da ruwan yana nan. Na yi jifa da wayar, fuskarta ta tsage, ita ce wadda ka gada kana mita. Ba don Baba ya yi gaskiya na fusata ba. Na fusata ne don magana ce da za a faɗa wa yaro cikin numfashi ɗaya. Da ya buɗe baki ya faɗa, da ƙila ina nan da tafkina.

Na sake wani kuskuren wurin gyara na farko. Na je gidan gona na sayo 'ya'yan kifi, irin waɗanda ake ƙyanƙyashewa a kwatami, na zuba a tafkin. Na ce ai kifi kifi ne. Waɗannan ba su taɓa ganin abin tsoro ba. Abin da suka sani shi ne in inuwa ta faɗo kan ruwa, abinci ya zo. Zalɓe ya sauka a gaɓa, suka taso masa gaba ɗaya suna buɗe baki. Ban taɓa ganin tsuntsu ya ci abinci cikin natsuwa haka ba. Na yi ta jifa da hoge ina zagi, ina juya baya ya dawo da 'yan'uwansa. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne waɗanda suka raɓi wasu ƙananan karfasa na daji a cikin ciyawa. Na lura da su, in na dajin suka nutse su ma su nutse, ba su san dalili ba amma sun rayu.

Kai ma a Birnin Kebbi kifin kwatami ne, kada ranka ya ɓaci. A gida duk inuwar da ta faɗo kanka ta innarka ce da kwano a hannu. Can ba haka ba ne. Wanda ya fi kowa saurin yi maka alheri a makon farko, wanda ya biya maka kuɗin keke ba ka roƙa ba, ka gode masa ka ja baya kaɗan. Ka nemi ɗalibin da ya daɗe, mara surutu, ka duba wa yake kaucewa, wace kwana yake ƙin bi. Ka kauce tare da shi tun kafin ka gane dalili. Dalilin ka bi shi da tambaya daga baya, amma ka tambaya.

Da Baba ya dawo daga asibiti, ya sa aka kai shi bakin tafkin a kan jaki. Ya daɗe yana kallon busasshiyar lakar. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na samu abin ramawa. Ranar suna na raɗa maka sunansa don in sanyaya masa zuciya. Ya ɗauke ka, ya yi maka addu'a, bai taɓa naman ragon ba. Tun daga nan yana amsa gaisuwata, lafiya lau, madalla, shi ke nan. Bai sake cewa in shiga kwalekwalensa ba. Kuma ba hanyar tafkinmu kaɗai ke kansa ba. Ya san inda giwan ruwa ke kwanciya in ruwa ya yi sanyi, ya san mashigin da ke buɗewa da wuri da wanda ke yaudara, daga nan har kusa da garin Augie. Ni ɗan masunta, jikan masunta, sai dai in lallaɓa bayan jiragen mutane ina satar kallon inda suke jefa taru, suna yi mini ba'a wai ga malam mai karatu ya zo ɗaukar darasi.

Kai kaɗai yake ɗauka. Yana ce maka ragon birni, kana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kuna dariya. Amma na hango ku daga gaɓa, yana tuƙi kai kuwa ka toshe kunne da igiyar waya. Ka shiga jirgin da na yi shekaru ina so a kira ni, ka zauna a ciki kamar buhun gero.

Jiya Alhamis bayan La'asar na haɗiye girman kaina na tafi zaurensa. Yana ɗinkin homa. Na gaishe shi, ya amsa, ya ga ban tashi ba.

"Mi ya kawo ka?" in ji shi.

Na gaya masa ba za ka dawo hutu ba. Na ce yana jin maganarka, Baba, ka ce masa ya dawo. Ya ce shi bai kiran kowa, mai so ya san ƙofa. Ka san ni. Na yi niyyar in yi sanyi, amma ban kai ko'ina ba. Na ce to sai a binne shi da hanyoyin, a haɗa da homar a cikin likkafani. Na ce kifi ma ya fi shi, don ko ba komai yana barin na baya su bi shi. Na ce na tambaye shi da bakina ina yaro, ya ba ni amsa da filafili.

Ya ciji zare ya tsinke. Ya ce, "Sau guda ka tambaya."

Na ce me?

"Sau guda. Ni ubana ya buge ni ya hi a ƙirga. Gari na wayewa in koma in tambaya. Ran da ya ga ba ni bari, ya nuna min. Kai aka taɓa ka sau guda, ka tahi ka ɗauko inji."

Na ce wannan muguwar hanyar koyarwa ce. Ya ce ƙila, ita ya iya. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na ɗauki takalmina.

Har yanzu ina kan bakana, muguwar hanya ce, kuma ba zan yafe masa ita da sauƙi ba. Shekarun da na yi ina jiran ya kira ni, ashe shi ma zaune yake yana jiran in sake tambaya, mu biyu kamar gumaka, tafki na bushewa a tsakani. Yanzu ko na tambaya ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba, mun yi nisa da wannan.

Kai ba ka yi nisa ba. Ka yi karatunka, ka yi shi da gaske, ban aike ka Birnin Kebbi don ka dawo ka zama ni ba. Ka taimaki kawunka a shago ranakun Asabar, yana da haƙƙi a kanka, shi ya ɗauki nauyin karatunka da na kasa. Amma in dogon hutu ya zo ka ce masa ubanka ya roƙa, ka faɗi kalmar haka, roƙa, zai ji daɗinta. Ka hau mota ka zo. Ka bar wayar a gida. Ka tambayi takwaranka ta ina siririyar hanya ta tashi. In ya yi maka tsawa ka koma da safe. In ya yi kamar bai ji ba ka koma jibi. Hannunsa ba ya da ƙarfin duka yanzu, ka yi sa'a. Kada ka ce ni na turo ka, zai rufe baki.

In ya nuna maka, ka riƙe da kyau, ka sake bi kai kaɗai har ƙafarka da idonka su sani. Sannan ka zo ka nuna mini. Zan zauna a baya in tuƙa, kai ka zauna gaba kana nuni da hannu, a gaban duk masu ba'ar nan. Ƙila in yi maka gardama a hanya, ka san halina. Ka yi haƙuri ka sake nunawa.

Allah Ya kai ka inda kake nema, Ya buɗe maka karatu, Ya kiyaye lafiyarka da imaninka a garin mutane. Allah Ya ja kwanan tsohon nan har ruwa ya hau, Ya kawo mana kai kafin ya sauka. Innarka na gaishe ka, ta ce kifin ka raba da gidan kawunka, kada ka ɓoye a ɗaki.

Mahaifinka,
Sani